Rubuta Ranar Barbara: Shawara Ga Masu Kiwo a Ƙonni, Malbaza da Illela

"Saniyata shekara biyu ke nan ba ta haihu ba." "Tunkiyata ta yi ɓari ana saura wata guda." "Akuyar da aka ba ni habbanaye har yau shiru." Irin kukan nan shi ne ya fi yawa a bakin masu bisashe, daga Tsarnawa zuwa Dogarawa, daga Gidan Idar har kasuwar Badagishiri. In ka tambayi mai kukan yaushe aka hau dabbar, sai ya ce "wajen kaka ne", ko "bayan ƙaramar Sallah". Daga nan asara take farawa. Wanda bai san ranar barbara ba, bai san ranar da zai duba ko ciki ya kama ba, bai san lokacin ƙara abinci ba, bai san maganin da ya kamata ya guje masa ba, haihuwa kuma sai dai ta faɗo masa cikin dare ba shiri.

Masana sun ƙarar da shekaru suna bin jikin saniya da tunkiya da karya, suna ɗibar jini, suna auna sinadaran haihuwa, suna ƙirga kwana. Mafi yawan abin da suka gano ba ya bukatar kuɗi kafin a amfana da shi. Alƙalami yake so da ido, da ɗan abincin da aka ajiye don lokacin da ya dace.

Waɗanda suka yi mana aikin

A nan gida Nijar, Farfesa Alhassane Yenikoye, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya yi nazarin tumakin Fulani na ƙasar nan tun shekarun 1980. Aikinsa ya nuna cewa tumakinmu ba kamar na Turai ba ne masu jiran kaka kafin su nemi rago. Namu suna iya nema kusan duk shekara, sai dai abin yana ja baya a watannin rani na farkon shekara. Bayansa, Farfesa Hamani Marichatou da Moumouni Issa, tare da likitocin dabbobi na Jami'ar Turin ta Italiya, sun yi aikin ɗibar irin bijimai da ɗura shi ga shanu a tashar Tukunus ta gundumar Filinge, inda ake renon shanun Azawak, har suka wallafa sakamako a 2005. A ɓangaren karnuka, Patrick Concannon na Jami'ar Cornell ta Amurka shi ne tun shekarun 1970 ya warware lissafin cikin karya, wanda kafin nan ake ganin ba shi da tsayayyen wa'adi.

A jami'a ana auna darajar irin waɗannan mutane da yawan takardun da suka rubuta da yawan masanan da suka ambace su. Ni a wurina akwai wani ma'auni da ya fi wannan nauyi: maraƙi nawa ya rayu a Malbaza saboda aikinsu, ɗan rago nawa ya kai Layya a Illela. Wannan ma'aunin a hannun mai turke yake, don shi zai ɗauki ilimin ya yi aiki da shi.

Lambobin da za a haddace

Saniya tana dawowa neman bijimi duk kwana 21, wani lokaci 18, wani lokaci har 24. Akuya ma kwana 21. Tunkiya kwana 17. Cikin saniyarmu mai tozo wata tara ne da kusan rabi, wato kwana 285 zuwa 290. Na tunkiya da akuya wata biyar, kwana 150 ko ƙasa kaɗan. Jaka shekara guda, taguwa wajen wata 13, karya kuwa kwana 63.

Sami littafin makaranta guda, ko gefen kalandar bango. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya riƙe masa. Kowace dabba da shafinta: sunanta ko kamanninta, ranar da aka hau ta, wane namiji, ranar haihuwa, da duk allurar da aka yi mata. Ranar da ka ga barbara, nan take ka rubuta wasu ranaku biyu: ranar da za ta dawo nema in bai kama ba, da ranar da ake sa ran haihuwa. In kwana 21 ya zo ya wuce saniya ba ta sake nema ba, alama ce mai kyau. Tabbaci kuwa sai likitan dabbobi, wanda zai iya dubawa da hannu daga wata biyu, ko da na'urar hoton ciki daga wata guda.

Wannan dubawar tana da wani amfani. Binciken mahauta a yankinmu, har da wanda malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi a Sakkwato, ƙasa da kilomita 100 daga Ƙonni, ya sha nuna cewa ana yanka dabbobi da yawa da ciki a jikinsu. Mutum ya gaji da ciyar da "juya", ya kai ta kasuwa a bazara da araha, ashe da maraƙi ya haɗa. Kafin ka sayar da mace, a duba ta.

Gane lokacin da take nema

Shanunmu ba sa daɗewa cikin nema. Sau da yawa awa 10 zuwa 12 ne kawai, kuma yawanci cikin dare ko da sanyin asuba. Shi ya sa mai saniya ɗaya a turke yakan rantse ba ta taɓa nema ba, alhali ta yi ta gama yana barci. Ka tsaya a kanta minti ashirin bayan sallar asuba, da wasu ashirin bayan magariba. Za ka ga ta ƙi natsuwa, tana kuka, ta rage ci, nono ya ragu, al'aurarta ta ɗan kumbura, wani ruwa garau mai yauƙi yana zuba har ya manne a wutsiya. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cak wata ta hau ta. In kuwa ɗan jini ka gani a wutsiya, lokaci ya wuce da kamar kwana biyu. Rubuta ranar, ka fara sa ido bayan kwana 18.

Saniya tana sakin ƙwai ne wajen awa 12 bayan nema ya ƙare. A kan wannan masanan Amurka suka kafa ƙa'ida tun shekarun 1940, kuma har yau da ita ake aiki: wadda aka gani da safe, a ɗura mata iri da yamma, wadda aka gani da yamma, washegari da safe. In bijimi za a kai mata, a kai ta a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Akuya ba ta ɓoye nata, za ka ji kuka, ka ga tana kaɗa wutsiya ba tsayawa. Tunkiya ita ce mai shiru, sai rago ne yake gane ta. Ga wata dabara da masana suka tabbatar: a raba tumaki da rago wata guda cur, ba gani ba jin wari, sannan a sako shi. Warinsa yana tayar da jikinsu, kuma da yawansu za su nemi barbara tsakanin kwana 18 zuwa 25 bayan shigowarsa. Haihuwa sai ta zo a tare, kulawa ta yi sauƙi. Ƙungiyoyin mata masu kiwon awaki da tumaki za su fi kowa cin moriyar wannan.

Abinci kafin komai

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dabbar da haƙarƙarinta ya fito, jikinta yakan rufe ƙofar haihuwa don ya tsira da rai, kuma babu allurar da za ta buɗe ta. Wannan ne dalilin da ya sa karsana a kiwon gargajiya takan kai shekara 4 kafin haihuwar fari, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa yakan kai wata 18 har zuwa shekara biyu. Ɗora tafin hannunka a bayan tunkiya, daidai ƙugu. In ƙashin baya yana sukar hannunka, ba ta shirya ba.

Lokaci uku ne abincin ƙari ya fi biyan kuɗinsa. Na farko, mako uku kafin barbara: ɗan dusa, harawa, kowar wake ko 'ya'yan gawo kullum, yana sa tunkiya da akuya su kama da wuri, tagwaye ma su yawaita. Na biyu, mako shida na ƙarshen ciki ga ƙananan bisashe, wata biyu zuwa uku ga saniya, domin a lokacin ne ɗan tayi yake yin mafi yawan girmansa. Na uku, watannin farko na shayarwa. Gishiri da kanwa da ruwa mai tsabta kuwa kullum ne.

Da wannan za ka tsara shekararka. Saniyar da aka hau a Satumba ko Oktoba, tana cike da ciyawar damina, za ta haihu a Yuni ko Yuli, daidai fitowar sabuwar ciyawa. Tunkiyar da aka hau a Mayu ko Yuni za ta haihu a kaka, harawa na kan rumbu, amma sai ka tanadi abin ba ta tun bazara. Wadda aka hau a kaka kuwa za ta haihu a Maris ko Afrilu, tsakiyar zafi da yunwa. Wannan sai mai ajiyar harawa, ko wanda yake kusa da filin noman rani na Ƙonni da garake na kwarin Majiya, inda ake samun ɗanyen ganye. Kada ka sayar da harawarka duka a kaka don farashi ya yi daɗi, ka ware ta masu ciki tukuna.

Budurwar dabba kuma kada a yi mata gaggawa. A bari ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta. 'Yar akuyar da bunsurun unguwa ya hau tana wata biyar, ita ba ta girma ba, ɗan ma da wuya ya rayu.

Namijin ma a duba shi

Idan mace ɗaya ta ƙi kamawa, matsalar tata ce. Idan biyar suka dawo nema a jere, a juya ga namijin. Mu kan ɗora laifi a kan mata, mu manta shi kaɗai yake ba da rabin jinin garke.

Ga kuskuren da yake cin mu a hankali: kowace shekara ragon da ya fi kyau shi ake turkewa a kai kasuwar Layya, ƙanƙanin da ba wanda ya taya shi ne yake zama uban garke. Shekara goma a haka, Balami da Uda sun zama tarihi a gidan. Zaɓi ɗan ragon da ya fi saurin girma, wanda uwarsa mai nono ce, ka bar shi ya yi barbara kafin ka sayar. Sauran a dandaƙe su ko a raba su da mata. Rago ɗaya ya ishi tumaki 25 zuwa 30, haka bijimi ga shanu. Duk shekara biyu a canza shi, ko a yi musaya da wani gari, don kada ya hau 'ya'yansa. Mai son gyara iri yana da inda zai nufa: Tukunus da Ibesetan ta nan jahar Tawa don Azawak, cibiyar awaki ta Maraɗi don jar akuya.

Kama 'ya'yan marainansa ka taɓa. Su kasance biyu, daidai da juna, masu ƙarfi ba tauri ba, babu kumburi babu zafi. Ka sani kuma maniyyi yana ɗaukar kusan mako bakwai kafin ya nuna a jikin rago, wata biyu a jikin bijimi. Saboda haka namijin da ya yi zazzaɓi mai tsanani, ko ya sha ranar Afrilu a turke ba inuwa, yana iya hawa lafiya amma ba ya ba da ciki sai bayan wata biyu. Yi masa rumfa. Angurya da tunkuzar auduga suna sa ƙiba, amma akwai wani sinadari a cikinsu da yake raunana maniyyi in ya yi yawa, don haka a rage wa namijin barbara.

Barbarar zamani, wato ɗura iri da hannu, tana da amfani, gwamnati ma tana da shiri a kanta. Amma kada ka kai ramammiyar saniya. Kuma ka tambayi irin da za a sa mata. Ruwa-biyun shanun Turai suna ba da madara, sai dai suna son abinci da inuwa da magani fiye da abin da gidaje da yawa za su iya. Wanda ba shi da wannan hali, irin Azawak ko Gudali mai kyau ya fi masa.

Magungunan da ke zubar da ciki

Kasuwannin bakin iyaka cike suke da maganin dabbobi a kan tebur cikin rana, kuma a nan littafinka zai cece ka. Allurar deksametazon, wadda ake yawan yi wa dabba don kumburi ko kasala, tana zubar da ciki in ya tsufa. Albendazol na tsutsar ciki yana iya lalata ɗan tayi a farkon ciki, wata na farko ga tunkiya da akuya, kwana 45 ga saniya. Allurar naƙuda ta okisitosin, in aka yi ta bakin mahaifa bai buɗe ba ko ɗa ya zo a karkace, tana iya fasa mahaifa. Kafin kowace allura, gaya wa likita ko mataimakinsa na ƙauye ranar barbara. Rigakafin da ma'aikatar kiwo take yi kowace shekara kuwa kada ya wuce ka.

Ranar haihuwa, da ranar ɓari

Ɗa mai zuwa daidai, ƙafafun gaba biyu ne suke fara leƙowa, kofato na kallon ƙasa, hanci a kansu. In faya ta fashe saniya ta yi awa biyu tana yunƙuri babu ci gaba, ko tunkiya ta yi awa guda, a kira likita. Kada a ja da jaki ko babur. In ja ya zama dole, mutum biyu sun isa, da hannu wankakke da sabulu, suna ja ƙasa-ƙasa daidai lokacin da take nishi. Da ya faɗo a share masa hanci, a shafa aidin a cibiya, a tabbata ya sha dakashi cikin awa biyu na farko. Bayan kwana guda hanjinsa ba ya iya ɗaukar kariyar da ke cikin dakashin. In mabiyiya ta wuce awa 12 ba ta faɗo wa saniya ba, kada a ɗaura mata dutse, kada a fizge, a nemi likita.

Ɓari kuwa a ɗauke shi da tsoro. Ciwon bakkale, mai sa dabba ɓari, yana shiga mutum ta hannu da ɗanyar madara, ya bar shi da zazzaɓi mai dawowa da ciwon gaɓoɓi. A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Cintabaradan, cikin jaharmu, bisashe suka yi ta ɓari, mutum fiye da 30 suka rasu. Saboda haka a sa safar hannu ko leda, a binne ɗan tayi da mabiyiya a rami mai zurfi, a ware uwar, a tafasa madara, mace mai ciki kada ta kusanci wurin. In ɓari ya kai biyu ko uku a garke cikin 'yan kwanaki, a sanar da ma'aikatar kiwo ta gunduma a ranar, don a ɗebi jini a kai ɗakin bincike. Sabuwar dabbar da aka sayo kuma ta yi mako uku a gefe kafin ta shiga cikin sauran.

Karen gida da na garke

Shari'a ta yarda da ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da gona, kuma wanda ya ajiye shi, hakkinsa yana wuyansa. Karya takan yi nema kusan sau biyu a shekara. Tana fara zubar da jini na kamar kwana tara, karnuka na binta tana korarsu, sannan ta yarda na wasu kwanaki kamar haka. Abin da aikin Concannon ya bayyana shi ne, in an ƙirga daga ranar da sinadarin sakin ƙwai ya tashi a jininta, haihuwa tana zuwa a kwana 64 zuwa 66. In kuwa daga ranar barbara aka ƙirga, tana iya kamawa daga 57 har 72, saboda maniyyin kare yana rayuwa kusan mako guda a jikinta. Mafarauci mai son tsare irin karensa sai ya kulle ta mako uku cif, domin haihuwa ɗaya tana iya zama da uba fiye da ɗaya. Kwana guda kafin naƙuda zafin jikinta yana sauka da kamar digiri ɗaya, mai ma'aunin zafi zai gani.

Kada a yi mata allurar hana haihuwa ta mutane, tana tara mugunya a mahaifa har ta kashe ta. Wanda ba ya son 'yan kwikwiyo ya kai ta a yi mata aiki. In ka ga tsiro mai jini a gaban kare ko karya, ciwo ne da suke ɗauka ta barbara, kuma yana jin allurar likita. Rigakafin haukan kare daga wata uku ne, a riƙa sabuntawa.

Abu mafi muhimmanci ga mai shanu: kada kare ya ci mabiyiya ko ɗan ɓari. A 1998 masana suka tabbatar cewa kare ne yake ɗauke da ƙwayar Niyospora. Yana cin ta a mabiyiya, ya zubar da ita a kashinsa, saniya ta ci a ciyawa ko ruwa, ta yi ɓari. A nisanta shi da rumbun harawa da kwamin ban ruwa, a riƙa ba shi maganin tsutsa.

Abin yi a wannan mako

Sayi littafi, ka buɗe wa kowace mace shafi. Taɓa bayan kowacce, ka ware ramammu da masu tsohon ciki don ƙarin abinci. Duba namijinka, ka yanke shawarar wanda za a bari da wanda za a sayar. Karɓi lambar wayar likitan dabbobi ko mataimakin da ya fi kusa da garinku tun kafin daren da za ka bukace shi. Ina kuma roƙon malaman jami'o'in Yamai da Tawa da Sakkwato, da ɗaliban da suke zuwa kasuwanninmu ɗibar bayanai, su riƙa dawo mana da sakamako da Hausa, a gidajen rediyon ƙauye da dandalin kasuwa, musamman gabanin damina da gabanin kaka, lokacin da ake yanke shawarar barbara. Allah Ya sa albarka a turke, Ya tsare mana bisashe daga ciwo.